Inuwar Giginya: Abin da Hoton Lambun Al-Azhar Ba Ya Nunawa

Akwai wata cuta da takan kama manyan ma'aikata da ƴan majalisar gari idan sun dawo daga ƙasashen waje, ana iya kiranta cutar hoto. Mutum ya je Alƙahira taron kwana uku, da la'asar ɗin ranar ƙarshe a kai shi Lambun Al-Azhar shan iska. Ya tsaya bisa tudu, ciyawa kore shar a gabansa, ruwa na tsartuwa daga cikin dutsen marmara, hasumiyoyin tsohon birni sun jeru a bayansa, a ɗauke shi hoto. Ya dawo gida da hoton a aljihu, da kalma ɗaya a baki, wato zamani. Bayan wata shida sai a ga an kewaye wata mararraba da ƙarfe, an shimfiɗa ciyawar Turawa wadda ake kira gazon, an dasa dabinon ado goma sha biyu, an gina kwarmin siminti da famfo a tsakiya. Kafin bazara ta biyu ciyawar ta koma ƙura, kwarmin ya zama ma'ajiyar baƙar leda, ƙarfen kuwa yana nan daram yana gadin abin da babu.

Lambun Al-Azhar bai yi laifin kome ba a cikin wannan. Yana daga cikin ayyuka mafi inganci da aka yi wa wani babban birnin Afirka a shekaru hamsin ɗin nan, kuma duk ɗalibin Nijar da ya yi karatu a jami'ar Azhar bayan 2005 ya san daɗin iskarsa. Laifin na masu kallo ne, waɗanda suka ɗauko abin da ido ya gani suka baro abin da ya riƙe shi. Darasin wannan lambu yana ƙarƙashin ƙasa, yana kuma cikin yawan shekarun da aka yi ana haƙuri da shi. Abin da ke fitowa a hoto kuwa shi ne ɓangaren da birnin Sahel ya fi cancanta ya yi wa kallon tsanaki kafin ya kwaikwaya.

Asalin maganar ya koma shekarar 1984. A ƙarshen shekarar aka yi wani taro a Alƙahira kan yadda birnin ke kumbura ya fi ƙarfin masu tsara shi. Aga Khan na huɗu, shugaban Isma'iliyawa, wanda ya rasu a watan Fabrairu na 2025 aka rufe shi a Aswan, shi ne uban taron. Zuriyarsa tana danganta kanta da Faɗimiyawa da suka kafa Alƙahira a shekarar 969, don haka ya yi alkawarin bai wa birnin kyautar lambu. A lokacin akan ce idan aka raba korayen wuraren Alƙahira ga mazaunanta, rabon kowa ba zai wuce inda zai aza tafin ƙafarsa ba. Fili babu a tsakiyar gari, sai wani tudu da ake kira Darrasa, a gabas da tsohon birni, tsakanin unguwar Darbul Ahmar da manyan maƙabartun da talakawa suka mayar gidaje. Tudun nan juji ne. Shekara ɗari biyar mutanen birni suna zuba masa shara da toka da ɓaraguzan gine-gine har ya zama tsauni, iska na kwaso ƙurarsa tana watsa wa maƙwabta a cikin tuwo. Hekta 30 na wannan juji aka zaɓa.

Daga alkawari zuwa buɗewa shekara ashirin da ɗoriya aka yi. Wannan adadi shi ya kamata a rubuta a bayan kowane hoto da aka ɗauko daga can. Da farko hukumar ruwan Alƙahira ta riga ta sa ido a kan tudun, ta gina manyan rumbunan ruwan sha guda uku a cikinsa, kowanne faɗinsa mita 80. Masu lambun ba su yi fushi sun janye ba. Sun jira, suka sake zane, suka binne rumbunan a ƙarƙashin lambun, har yau mai yawo yana taka samansu bai sani ba. Daga nan aka shiga yaƙi da ƙasar kanta. Ƙasar juji ce, cike da gishiri, ba ta da ƙarfin ɗaukar gini, ba ta kuma raya saiwa. An motsa abin da ya kai mita miliyan ɗaya da rabi na ƙasa da ɓaraguzai a ma'aunin murabba'i mai zurfi, lodin kamiyo sama da dubu 80. Wata aka fitar da ita, wata aka tankaɗe aka wanke, aka gauraya da yashi da ƙasar noma, aka shimfiɗa hanyoyin tsiyayar ruwa a ƙarƙashi don kada ruwan ban-ruwa ya nutsa ya rusa tudun bisa kan gidajen mutane. Cikin wannan haƙa ne aka tono katangar da Salahuddin Al-Ayyubi ya fara ginawa a ƙarni na 12, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wadda shara ta haɗiye, a wasu wurare har zurfin mita 15.

Itatuwan ma ba daga jirgin sama aka sauke su ranar jajibirin buki ba. An kafa gandun reno a wurin, an kafa wani a bayan gari, aka yi shekaru ana gwada iri-iri don a ga wanda zai jure gishiri da ƙarancin ruwa, a birnin da ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 25 ba. Tsirrai sama da dubu 650 aka rena daga iri da reshe. Wani kamfanin Amurka mai suna Sasaki ya sa hannu a babban zane, amma Misirawa biyu, Maher Stino da Laila El-Masry, su ne suka tsara lambun daki-daki. Kuɗin da aka kashe ya kai dalar Amurka miliyan 30. A watan Maris na 2005 aka yi bukin buɗewa. Kuma ba a tsaya a bakin shinge ba: a Darbul Ahmar, inda mutane wajen dubu 200 suke zaune cikin talauci a tsakiyar gine-ginen tarihi, an gyara gidaje, an farfaɗo da masallacin Ummu Sulɗan Sha'aban da ginin Khayrbak, an buɗe asusun ƙananan basussuka, an koya wa samarin unguwa sassaƙar dutse a jikin katangar Salahuddin.

Duk wannan babu ko ɗaya da ke fitowa a hoto. Rumbun ruwan da aka binne ba ya fitowa. Gandun reno ba ya fitowa. Shekara ashirin ba ta fitowa. Magajin garin da wa'adinsa shekara biyar ne, wanda yake son ya yanke ƙyalle kafin zaɓe, ba abin da zai tsinta a nan sai takaici. Shi ya sa yake tsallake wannan babi ya tafi kai tsaye ga ciyawa da famfo.

To, a zo kan abin da ake gani ɗin. Ƙashin bayan lambun wata doguwar hanya ce miƙaƙƙiya da ta ratsa shi daga arewa zuwa kudu, ta fuskanci ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammadu Ali da ke samanta. Ruwa na gudana a siririn lambatu a tsakiyarta, irin na lambunan Musulunci na Andalus da Farisa, dogayen itatuwa dangin dabino sun jeru dama da hagu kamar dogarai. A ƙarshen arewa akwai gidan cin abinci bisa tudu, wanda Rami El-Dahan da Soheir Farid suka zana da salon ginin Faɗimiyawa da Mamalik, a kudu kuma akwai tafki da wurin shan shayi a bakinsa. Wanda ya ce wannan ba kyau ya yi ƙarya. Amma hanya ce da aka tsara domin ido, domin mai tafiya da maraice yana kallon ƙubbar masallaci rana na faɗuwa. Dabinon ado dogon wuya gare shi da ɗan tuntu a ka. Wanda ya tsaya a gindinsa da azahar zai fahimci abin da Bahaushe yake nufi da inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Alƙahira tana da sanyin hunturu na gaske, tana da iskar arewa mai busowa daga Bahar Rum, mutanenta kuma ƴan dare ne, sai rana ta yi sanyi suke fitowa da tabarmi da kwanukan abinci. Wannan zane ya dace da su. A ɗauke shi a dasa a Tawa ko Damagaram cikin watan Afrilu, inda ma'aunin zafi ke haura 42, ya zama kasko mai ado.

Karin maganar giginya ya sake kama lambun ta wata fuskar. Babbar ƙofarsa tana gabas, bisa titin Salah Salim, babban titin motoci, da wurin ajiye mota a gabanta. Mutanen Darbul Ahmar, waɗanda suka sha ƙurar jujin shekara ɗari biyar, suna yamma, a ƙasan gangare, bayan katanga. An buɗe masu mashiga ta wajen Babul Mahruƙ, an kuma rage masu kuɗin shiga, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai kuɗin shiga kuɗin shiga ne. Lambun da sai da tikiti ake shigarsa wurin zuwa ne ranar Juma'a ko ranar salla, bayan an yi shawara a gida an ƙirga yara an ƙirga kuɗi. Tsohon da yake son ya zauna minti ashirin ya huce bai cikin lissafinsa, haka mai tallan da ta gaji, haka ɗan makarantar da ɗakinsu ba wurin karatu.

Masu kare tikiti suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa kuɗin ƙofa da na gidajen abinci su ke biyan masu ban-ruwa da masu shara da masu gadi, shi ya sa lambun da ke karɓar baƙi kusan miliyan biyu a shekara bai koma juji ba, alhali lambunan kyauta na hukuma sun lalace a ko'ina. A karɓi wannan. Abin da yake nunawa shi ne masu Al-Azhar sun tambayi kansu tun kafin su dasa icce na farko: wa zai shayar da shi a shekara ta goma sha biyar? Sun sami amsa, amsar ita ce ƙofa. Ana iya ƙin amsar, ana iya neman wata, kamar a keɓe harajin wasu rumfunan kasuwa ko hayar filin buki domin lambun. Abin da ba a iya yi shi ne a ƙi tambayar. Masu cutar hoto kuwa sukan haɗa munanan biyu wuri guda: su sa shinge da kwaɗo kamar Alƙahira, su kuma bar wurin ba kasafin kulawa kamar kowane kangon hukuma. Talaka bai shiga ba, icce bai rayu ba.

Alƙahira da kanta ta isa ta zama gargaɗi ga mai zaton lambu ɗaya mai kyau yana wanke birni. A shekarar 1872 Hidiwi Isma'ila, wanda shi ma Paris ta tsone masa ido, ya buɗe lambun Azbakiyya da Barillet-Deschamps, shugaban masu lambunan Paris, ya tsara masa, da tafki da kogon dutse na ƙirƙira da itatuwan da aka kwaso daga nahiyoyi. A shekarun 1950 aka tsaga shi da titi, daga baya aka yi ta gutsurarsa ana gini. Gidan wasan opera da ke gefensa ya ƙone a 1971, aka maye gurbinsa da benen ajiye motoci. A 2019 da 2020, shekara goma sha biyar kacal bayan bukin Al-Azhar, an sare dubban itatuwa a unguwar Heliyofolis don faɗaɗa tituna da gina gadoji. A daidai lokacin kuma ana shimfiɗa wani lambu da aka laƙaba wa suna Koren Kogi a sabon babban birnin da ake ginawa cikin hamada, kilomita 45 gabas da Alƙahira, wanda aka tsara masa tsawon kilomita 35. Ana sare inuwar da ke kan mutane ana shuka ciyawa inda mutane ba su riga sun tare ba. Hekta 30 na Al-Azhar, duk kyansu, ba su rama wannan ba.

Abin da ya sa wannan labari ya shafi mai karatu a Maraɗi shi ne shekarar nan ta 1984. A watan Mayu na shekarar, watanni kaɗan kafin taron Alƙahira, aka yi babbar muhawarar ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi, zamanin Seyni Kountché, aka fito da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Alkawari biyu ke nan a shekara guda, a birane biyu na busasshiyar Afirka. Na Alƙahira ya fara daga juji, ba icce ko ɗaya. Yamai kuwa a lokacin tana riƙe da abin da Alƙahira ba ta taɓa mafarkin samu ba. Tun 1965 aka fara dasa mata koren ɗamara, dajin da aka tsara ya kewaye ta ta arewa da gabas a gaɓar hagu ta kogin Isa, tsawon kilomita 25, faɗin kilomita ɗaya, hekta 2,500, akasarinsa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, da ɗan turare. A raba 2,500 da 30. Lambun Al-Azhar sama da tamanin ke nan, kuma ba sai an wanke ƙasa ko an kwashe lodin kamiyo dubu 80 ba.

Kowa ya san abin da ya sami wannan ɗamara. Birnin da bai wuce mutum dubu talatin da ƴan kai ba lokacin samun ƴancin kai ya haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. Ya isa ga dajin, ya tsallake shi, ya juyo ya fara cinsa. An yanka filaye an sayar, an kafa gidajen mai da shaguna da gidaje, an sare itatuwa an yi makamashi, abin da ya rage ya zama wurin zuba shara. Wato Alƙahira ta ɗauki juji ta mai da shi lambu, Yamai ta ɗauki daji tana mai da shi juji, sannan wasu daga cikin masu sa hannu a takardun filayen su ne ke dawowa daga tafiya suna yabon ciyawar Masar.

Za a ce, mutane suna bukatar wurin kwana, icce ba ya gaban ɗan Adam. Magana ce mai nauyi idan ta fito daga bakin wanda fari ya koro daga ƙauye ya kafa bukka a gindin dogon yaro. Amma ba shi ne ya cinye ɗamarar ba. Mai bukka ana tashinsa da safe ɗaya, an kuma sha tashinsa. Gidan mai da katangar bulo mai ƙofar ƙarfe ba su tashi, don takarda gare su mai hatimi. Kuskuren asali ma yana cikin zanen. Waɗanda suka dasa ɗamarar ma'aikatan gandun daji ne, sun tsara ta a matsayin garkuwa daga ƙura da iska, layi-layi kamar gonar gwamnati, abin tsaro da tara. Ba a yi mata hanyoyin tafiya ba, ba kujeru, ba rijiya, ba filin ƙwallo ko na kokowa, ba dandalin wasan kwaikwayo. Ba wanda ya yi zance da budurwarsa a ciki har ya tuna da ita bayan shekara talatin. Dajin da ba na kowa ba ne a zuci, ranar da aka zo yanka shi ba mai fitowa ya tsaya a gaban mai awo. A Nairobi, lokacin da aka so gina bene mai hawa sittin a lambun Uhuru a 1989, Wangari Maathai ta sami mutanen da suka mara mata baya, domin lambun wurin zamansu ne. Wannan shi ne aikin mai tsara lambu na gaskiya, ya sa mutane su shiga wuri su saba da shi har su ji zafin rasa shi. A nan ne masu Al-Azhar suka yi fice, kuma a nan ne ya kamata a kwaikwaye su.

Maganar ciyawar gazon kuwa lissafin ɗan aji shida ya isa ya kashe ta. A tsakiyar bazara, rana da busasshiyar iska sukan sha abin da ya kai milimita 8 na ruwa a yini daga filin ciyawa. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita dubu 10 ce. Hekta ɗaya ta gazon ke nan tana neman lita dubu 80 kowace rana, wato jarka dubu huɗu ta lita ashirin, irin wadda ƴan garuwa ke turawa a kura. A faɗi wannan adadi a Damagaram, inda mata suka san tashin tsakar dare don jiran famfo, a ga ko akwai wanda zai tafa. Alƙahira tana zaune a bakin Nilu. Maraɗi da Damagaram da Tawa ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha, kowace lita da aka zuba wa ciyawar ado daga tulun wani aka ɗebe ta. Ita wannan ciyawa ɗiyar Ingila ce, ƙasar da ruwan sama ke shayar da ita kyauta. Kuma bayan duk wannan ɗawainiya ba ta ba da inuwa ko ta faɗin faifai, sau da yawa ma akan kafa allo a hana taka ta.

Abin haushin shi ne ilimin da ake bukata yana nan a gida, an kuma gwada shi a fili. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji suka jera dogon yaro layi bibbiyu ya tare iska, har tsawonsa ya kai ɗaruruwan kilomitoci. A jihohin Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a kula da shi maimakon a ƙone, ya mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kamar yadda binciken hotunan sama na tsakiyar shekarun 2000 ya nuna. Masana daga nahiyoyi suna zuwa Maraɗi koyon wannan. Manomin Agiye ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya tufanta da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta. Ya san tsamiya tana jinkirin girma amma jikoki za su zauna a gindinta. Ya san gamji da ceɗiya da durumi su ne zauren gari tun kafin a san siminti, ya san kanya da magarya da aduwa suna kiran yara ba sai an yi shela ba. Maɗatan da aka jera a tsofaffin titunan Yamai tun zamanin Turawa har yanzu su ne ke sa wasu unguwanni su fi wasu sanyi. Masu Al-Azhar sun kashe shekaru da kuɗi suna neman itatuwan da za su jure ƙasarsu. Biranen Hausa sun gaji nasu jerin a shirye, ana raina shi don kawai ba a gan shi a hoton ƙasar waje ba.

Ba kuma sai an je Masar ba a ga yadda ake yi a Sahel. A Bamako, gidauniyar Aga Khan ɗin nan dai ta gyara tsohon lambun tsirrai na gindin tsaunin Kuluba, aka buɗe shi a watan Satumba na 2010, lokacin cikar Mali shekara hamsin da ƴanci. An bar manyan itatuwan da aka tarar, aka gina hanyoyi a ƙarƙashinsu, Francis Kéré na Burkina Faso ya zana gine-ginen da dutsen wurin. Can ma akwai tikiti, can ma ana iya gardama a kansa. Amma an fara daga inuwar da take akwai. A Yamai ma, gidan tarihi na Boubou Hama, da aka kafa a 1959 a kan hekta 24, yana cika maƙil da yara kowace salla, abin da ke nuna ƙishirwar wurin fita tana nan, wurin ne ya yi kaɗan.

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Shekara hamsin ke nan ana fitar da ƴan makaranta su jeru riƙe da ƴan itatuwa a leda, manya su dasa na farko a gaban masu ɗaukar hoto, a wanke hannu a tafi. Da rabin abin da aka dasa a birane ya rayu, da yanzu ana neman rana da fitila a Tawa. Agusta wata ne mai sauƙi, sama ce ke ban-ruwa. Ranar da ta cancanci buki ita ce 3 ga Afrilu, a koma a ƙirga waɗanda suka tsira daga awaki da ƙishirwa, a karanta adadin a rediyo tare da sunan wanda aka damƙa wa amanarsu.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da hannu a wannan fiye da yadda suke zato, domin farfajiyar makaranta ita ce lambun farko, sau da yawa ma na ƙarshe, da yaron birni yake sani, kuma ita ce filin da masu yankan filaye suka fi kwaɗayi idan ba ta da katanga. Ƙungiyar da ke iya tara mutum ɗari biyar don gasar waƙa tana iya tura mutum biyar zauren majalisar gari ranar da za a duba taswirar sabuwar unguwa. A kowace taswira akan shafa wa wasu wurare koren launi a rubuta cewa na shan iska ne, bayan shekara uku a tarar da bene a kai. Tambayoyin da za a yi ba su bukatar digirin injiniya. Filin yana da takardar mallaka da sunan jama'a, an kafa masa duwatsun iyaka? Kashi nawa na faɗinsa zai kasance cikin inuwa da ƙarfe biyu na rana bayan shekara goma, kuma da waɗanne itatuwa? Ta wace fuska ƙofa za ta kalla, ta titin motoci ko ta unguwar masu tafiya a ƙasa? Mace da ƴaƴanta za su sami makewayi da ruwan sha da fitila? Daga wace rijiya za a shayar da dashen a bazara uku na farko, kuma a wane layi na kasafin kuɗin gari aka rubuta albashin mai shayarwar?